Shekarar da Na Sare Dawar Bayan Gida

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun haɗu ranar sallah kuka ga na juya baya. Wai akwai shekarar da Baba ya ɗauki adda ya faɗa wa dawar bayan gida tana ɗanya shar, saboda waya. Har jikokina na ji suna tsokanar juna da shi, in ɗaya ya yi wauta sai a ce kakansa ya gado. Ban hana ku dariya ba, ni ma da wani ne ya yi da na yi masa har da riƙe ciki. Amma tunda ni na riƙe addar, bari in faɗa muku yadda aka yi, don a cikinku babu wanda yake ɗakin a ranar sai Hadiza matar Kabiru, ita kuwa kun san ba ta da yawan magana.

Ku fara sanin wace dawa ce. Ni na ƙare ƙuruciyata ina malamin gona, ina kan babur ƙauye-ƙauye a ƙasar Minjibir ina lallashin mutane su bar tsohon iri su karɓi na zamani mai saurin nuna. Amma in na dawo gida na jingine babur, abin da nake shukawa a bayan katangata farafarar kakanku ce, wadda shi ma a hannun mahaifinsa ya same ta. Doguwa ce ta ban mamaki, tana wuce katanga ta wuce rufin ɗaki, ga ta da nawar nuna, amma tuwonta fari tas, kuma in ya kwana aka ɗumama ya fi na jiya daɗi. Yayana, Yaya Mamman, da 'ya'yansa suka koma masara, sai ya sakar mini riƙon irin, ya zama duk danginmu ba inda ake shuka ta sai wannan ɗan filin. Kowace kaka Innarku ce take zaɓen zangarniyar iri. Takan zauna a kan tabarma ta riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu cika, ta ɗaure, ta rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai riƙa bugunsu. In na miƙa hannu zan taya ta sai ta ce, "Malam, kai dai ka san takarda, bar mini wannan." Haka muke yi tun Kabiru yana goye.

A farkon bazarar waccan shekarar Innarku ta faɗi a gindin murhu. Da muka dawo da ita daga asibiti ɓarinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Matar da in ta kira akuya maƙwabta suke sanin magariba ta kusa, sai ga shi kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito, ita ma rabi da rabi. Ku da kuke kusa kuna zuwa kuna komawa, Hadiza ma ta baro Kano ta tare a wurinmu don jinya. Wadda ba ta da halin zuwa ita ce autarta Sa'adatu, tana can Saudiyya inda mijinta yake aikin asibiti, ga ta da cikin fari, kuma likitocinsu sun hana ta tafiya. Takan kira a waya, in kara wa Innarku a kunne, Sa'adatu ta yi ta magana, nan kuwa shiru. Daga ƙarshe sai ta fashe da kuka ta ce, "Baba, anya tana ji na kuwa?" Tana ji sarai. Amsar ce take kan fuskarta da hannunta na hagu, waya kuwa ba ta kai wannan.

Shi ya sa wata rana Kabiru ya taso daga kasuwar Dawanau da ɗan kwali a ƙarƙashin hammata. Ya buɗe ya fito da wani farin abu mai ƙaho biyu, ya ce sunansa rauta, layin waya ake sa masa, ya jawo sabis daga ƙarfen kamfani ya raba wa wayoyin gida, har a yi kiran da ake ganin juna. Ya haɗa ta da batirin solarmu, ya yi ta yawo da ita a tsakar gida da zaure yana ɗagawa, fitilarta tana ja. Wuri ɗaya tak ta yarda ta yi kore, bakin tagar ɗakin Innarku, wadda take kallon gonar bayan gida. Lokacin fili ne fetal, in ka leƙa ta tagar kana hango kan ƙarfen sabis can nesa ta wajen Minjibir.

"Baba, nan ne wurinta," in ji Kabiru. "Don Allah kada a motsa ta. Kore lafiya, ja ba lafiya, shi ke nan abin da za ka riƙe."

"Yo ni da na yi shekaru ina koya wa mutane aikin famfon feshi, wannan ne zai gagare ni?" na ce masa.

Innarku ta dube ni ta gefen ido, ta yi ɗan murmushin nan nata da ya koma ɓari ɗaya.

Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar ta zama ranar Sa'adatu. Tun da hantsi Innarku za ta nuna wa Hadiza adaka da hannu, a fito mata da ɗankwali mai kyau, a sa mata kwalli. In jingine ta da matasai, in riƙe wayar a gabanta. Sa'adatu ta yi ta zuba, ita kuma tana amsawa da gira da yatsa, suna fahimtar juna fiye da yadda nake fahimtar ko wacce a cikinsu. Ranar Juma'a ce kaɗai take cinye abincinta ba a roƙe ta ba.

Damina ta faɗi, na yi shuka. Sai ruwa ya ɗauke bayan tsiro, rana ta ƙone shi. Da ruwan ya dawo na sauko da ragowar zangarniyar da take rataye, na sussuke na sake shukawa, ban rage ko ƙwaya ba. Wannan karon kuwa ta kama. Ban taɓa ganin ta yi kyau irin na shekarar ba, ganye baƙi-ƙirin, kara kamar dantsen yaro. Ina shiga ɗakin Innarku in ce mata, "Hajiya, bana za ki sha aikin zaɓe," ta ɗaga mini yatsa.

A tsakiyar daminar hoton Sa'adatu ya fara daskarewa. Tana cikin magana sai ta tsaya baki buɗe, muryar ta kakkarye. Juma'ar da ta biyo aka yi ta yankewa. Ta gaba kuma fitilar ta yi ja ta zauna daram.

Babu abin da ban yi wa rautar nan ba. Na kashe na kunna har na gaji. Kabiru ya ce ta waya in zare layin in goge shi a jikin riga in mayar, na yi. Ya ce ko data ce ta ƙare, ya sake sawa, ja. Ya ce akwai wani ɗan rami a bayanta, in sa tsinke in danna in riƙe. Na karyo tsinken tsintsiya na danna, fitilu suka ɗauke gaba ɗaya, na ce shi ke nan na kashe ta, can suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen ta sake yin ja. Na kira kamfanin layin, wata yarinya mai ladabi ta ce daga wajensu komai lafiya, in kashe in kunna. Na ce mata, 'yata, da kashewa da kunnawa suna gyara abu da tuni ta zama sabuwa. Sai na naɗe ta a cikin rawani na hau mota zuwa Minjibir wurin mai gyaran waya. Yana jona ta a kan teburinsa ta yi kore, ko minti ba a yi ba. Ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau." Na dawo gida da murna, na ɗora ta a bakin taga, ta dube ni ta yi ja. Wallahi ranar saura kaɗan in maka ta da ƙasa. Yaya Mamman da ya zo dubiya ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce shi dai abin da yake lafiya a kasuwa ya ƙi lafiya a gida, a yi masa tofi ba laifi ba ne. Na ce ya yi. Ya tofa mata addu'a iyakar saninsa, ba ta canza ba.

Abin dariya ne a baki, amma a ɗakin nan ba dariya. Juma'a ta zo, aka ɗaura wa Innarku ɗankwali aka sa mata kwalli, ta zauna tana kallon jar fitila har aka kira magariba. Ta gaba da Hadiza ta nufi adaka sai ta girgiza kai, ta juya fuskarta bango. Abinci kuma ta rufe baki. A kai cokali ta kawar da kai, a yi lallashi a yi roƙo, da ƙyar ta haɗiyi kurɓi biyu. Na ce bari mu ɗauke ta a kujera mu kai ta bakin titi inda sabis yake da ƙarfi, ta damƙe gefen gado da hannun hagu tana hawaye. Matar da ta yi zamanta da mutunci ba za ta yarda a ratsa gari da ita a sama mutane suna leƙe ba, ni ma da na sake tunani ban ga laifinta ba. Muka mayar da ita asibiti a mota, likitan ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ta yi rauni ƙwarai, mu koma gida mu ba ta duk abin da ranta yake so, mu yi ta addu'a. Na gane abin da yake nufi. Ban gaya wa kowa a cikinku ba a lokacin, don ban ga amfanin raba tsoro ba.

Wata rana da yamma ina zaune a gefen gadonta, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso mai ƙarfi. Ina kallon taga ba don komai ba. Dawar nan da ta rufe tagar ruf har ɗakin ya yi duhu, sai iska ta kwantar da ita gaba ɗaya, haske ya shigo. A daidai nan na ga fitilar ta yi kore. Iska ta lafa, dawa ta miƙe, fitila ta koma ja. Na ce ko idona ne. Na matsa kusa na zuba ido. Iska ta sake kaɗawa, dawa ta rusuna, kore. Ta miƙe, ja. Na daɗe a tsaye a wurin, sannan na yi dariya ni kaɗai, dariyar da ba ta da daɗi. Ashe duk wahalar nan da nake sha, dawata ce ta tsaya tsakanin Innarku da 'yarta.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba, don nan ne kuke cin amanata in kuna ba da labarin. Na samo doguwar gora, na ƙara waya, na sa rautar a leda na ɗaure a kan gorar na kafa a jikin katanga. Ta yi kore kuwa. Amma ranar Laraba ce, kafin Juma'a ta zo aka yi ruwa da iska, gorar ta faɗi, ƙaho ɗaya ya karye. Da na sake ɗaga ta da ƙaho ɗaya, sabis ɗin da take turowa ba ya ratsa katangar ƙasa ya iso gadon. Kabiru ya ce akwai eriyar da ake kafawa a waje, ya sa a kawo daga Legas, tana hanya. Mako ya wuce tana hanya. Wani ya sake wucewa tana hanya. Innarku kuwa kullum in na ɗaga ta sai in ji ta fi jiya rashin nauyi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a zaure ina wasa adda. Yaya Mamman ya shigo ya same ni. Na gaya masa abin da zan yi, don irin na mahaifinmu ne, ba nawa ni kaɗai ba.

"Garba, kana cikin hankalinka kuwa?" ya ce. "Dawar da ta ɗauki ciki? Ka bari mana ta fitar da kai ta nuna. Saura ƙiris."

"Yaya, wannan dawar ba ta san sauri ba, ka fi ni sani. Sai bayan kowa ya girbe take nuna."

"To akwai ragowar iri a rataye?"

"Babu. Na shuke shi duka."

Ya yi salati ya zauna a kan dakali.

"Abin da Baba ya riƙe, kakanmu ya riƙe, ko shekarar yunwa ba su ci irin nan ba. Kai ne za ka sare shi don a yi hira a waya?"

Raina ya ɓaci, amma yayana ne. Na ajiye addar na gaya masa abin da likita ya ce, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Na ce, "Yaya, dawar za ta kai kaka. Ita ce ban sani ba."

Sai ya miƙe ya fita ba sallama. Na ɗauka fushi ya yi. Ina shiga gonar sai ga shi ya dawo da tasa addar, ya naɗe hannun riga.

"In za a yi, a yi da hannuna a ciki," ya ce. "Kada gobe a ce kai kaɗai ne."

Na mayar da rautar bakin taga, na ce wa Hadiza ta tsaya a kanta ta riƙa gaya mana. Muka fara da buɗe 'yar hanya daga tagar, kunya biyu, muka miƙe da ita har ƙarshen gona ta wajen ƙarfen sabis. Hadiza ta ce ja. Muka ƙara faɗi. Ta ce tana ƙiftawa ta koma. Da ƙahonta biyu ne wataƙila da hanyar ta ishe ta, amma yanzu gurguwa ce, sai an buɗe mata sosai. Muka ci gaba da sara, tsofaffi biyu, gumi yana shiga mana ido, ruwan ɗanyen kara yana fantsama a jikin riga. Ban taɓa jin nauyin adda irin na ranar ba. Duk karan da na kama sai in ji cikin a tafin hannuna, zangarniya tana naɗe a ciki ba ta ga rana ba. Ko dabbobi ba za a ba shi a take ba sai ya sha rana, don ɗanyar dawa tana kashe akuya. Haka muka yi ta sara har muka kusa gamawa, saura 'yan kunyoyi a kusurwar kudu. Sai muka ji muryar Hadiza, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Baba! Ta yi kore! Ta tsaya!"

Na shiga ɗakin da addar a hannu, na manta ban ajiye ba. Ɗakin ya yi haske kamar an cire masa rufi. Innarku ta juyo daga bango tana kallon taga, inda dawa take ɗazu yanzu sai sarari. Ta dubi filin, ta dubi addar, ta dubi rigata. Na ga bakinta yana motsi, na sunkuya. Ta yi ta fama da kalmar har ta fito da ita cikakkiya, ba rabi ba.

"Mahaukaci."

Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba sai ranar, kuma ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamarta ba. Ta kama babban yatsana da hannun hagu ta riƙe gam, ta ƙi saki.

Abin da ya biyo baya kun san shi. 'Yan kunyoyin da muka rage iska ta kayar da rabi don ba su da abin jingina, sauran da suka fitar da kai tsuntsaye suka taru a kansu suka cinye tun suna madara. Na bi ƙauyuka har wajen Gezawa ina tambaya, an nuna mini farafara iri-iri, babu tamu a ciki. Ta tafi ke nan, kuma ina jin zafinta har yau, ba zan yi muku ƙarya ba. Eriyar Legas ta iso bayan an yi sadakar bakwai ɗin Innarku, don ba ta kai girbi ba. Amma ta samu Juma'o'inta, har ta ga fuskar jaririyar da Sa'adatu ta haifa, takwararta. Wannan duk kun sani. Abin da ba ku gani ba shi ne yammacin ranar da muka yi saran.

Hadiza ta ɗaura mata ɗankwali a gurguje, kwalli ma ido ɗaya aka samu sawa wayar ta yi ƙara. Na jingine ta, na riƙe wayar. Sa'adatu ta fito tar, ba daskarewa. Tana ganin yadda uwarta ta koma ta toshe baki da hannu. Na zaci kuka za su yi su biyun. Sai na ga Innarku ta haɗe gira tana ƙare mata kallo, daga wuya zuwa kumatu. Ta ɗaga yatsa ta nuna ta, sannan ta kai hannu bakinta.

"Inna, na ci abinci, wallahi na ci," in ji Sa'adatu.

Innarku ta girgiza kai, ta sake kai hannu baki, da ƙarfi wannan karon.

"Baba, me take cewa?"

"Kin fi ni sani," na ce. "Cewa take kin rame, mai ciki ba ta zama haka. Tashi ki ɗebo abinci ki ci a gabanta."

Sa'adatu ta tashi tana dariya tana share hawaye, ta dawo da faranti shaƙe da shinkafa, ta jingine wayarta ta zauna. Ta kai loma ta farko, Innarku ta bi ta da ido har ta haɗiye, ta gyaɗa kai. Ta kai ta biyu. A ta uku Sa'adatu ta ajiye cokali.

"Ni ma ba zan ƙara ba sai kin ci, Inna. Tare za mu ci."

Suka tsaya suna kallon juna, kowacce ta kafe, don halinsu ɗaya. Can Innarku ta juyo da ido wajen Hadiza, ta nuna kwanon kunun gyaɗar da yake ajiye tun safe ba a taɓa ba. Hadiza ta ruga ta ɗumamo shi. Na miƙa mata wayar ta riƙe, ni na karɓi kwanon da ludayi na zauna a bakin gado. Sa'adatu ta kai loma a can, ni in kai ludayi a nan. Yaya Mamman yana tsaye a bakin ƙofa da addarsa, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Haka muka yi ta yi har na ji ludayin yana kankarar gindin kwano. Na karkata shi na nuna mata babu saura, ta leƙa ta tabbatar, sannan ta sake buɗe baki.

"Hadiza," na ce, "ɗora wani."